Yatsu Huɗu na Siminti

Gidanmu na Dutse a gindin gangare yake. Wanda ya sayar wa Baffa filin da rani ya sayar masa, kuma bai ga dalilin kawo zancen damina ba. Da ruwan farko ya sauka, duk abin da ya zubo daga kan duwatsu sai ya biyo layinmu, ya shigo ta ƙarƙashin get, ya bazu a tsakar gida kamar an gayyace shi. Maganin da kowa yake yi a unguwar shi muka yi. Aka kira magini ya ja dokin ƙofa na siminti a bakin get, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, tsayinsa bai wuce yatsu uku ba. Ya yi shekaru yana tare mana ruwa, ba wanda ya ƙara kallonsa.

Baffa shi ne mahaifina. Malamin dabbobi ne na gwamnati, kuma ya yi ritaya bayan an ba mu jiha da 'yan shekaru. Iyayensa makiyaya ne a yankin Kafin Hausa, shi kaɗai aka kama a gidansu aka kai boko, ya dawo musu da allura maimakon sanda. Ritayar ma a takarda kawai ya yi ta. Duk ranar kasuwar Shuwarin yana cikin kara, wannan ya ja shi ya duba bakin saniya, wancan ya nuna masa kofaton bijimi. Sauran ranaku yana bin rugage da tsohuwar motarsa mai giyar hannu, ya dawo da yamma but cike da warin shanu, da ƙwaryar kindirmo a kujerar baya. Sai dai wani bijimi ya taɓa harbinsa a gwiwar hagu tun yana saurayi. Ciwon ya kwanta shekara da shekaru, ya tashi da tsufa. Ƙafar ta sandare har ta kasa taka kuloci, aka sayar da motar. Shekara biyu Baffa ya yi a kan tabarmar zaure. Mutumin da na sani da tsokana ya koma mai amsa gaisuwa kawai.

Yaya ne ya tashe shi. Shi ne babban wanmu, a Kano yake aiki, kuma irin mutanen nan ne da in sun yi maka alheri sai kowa ya ji, amma dai suna yi. Ya je Kwatano ya zo da wata mota ruwan toka wadda Turawa suka gama cin moriyarta, mai giyar otomatik. A lokacin irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba a Dutse, kuma kanikawa ba su da abin raini kamarsu. Wani ya leƙa ya ga babu kuloci, ya ce motar da ba a tura ta ta tashi ai ba mota ba ce, amarya ce. Baffa bai kula su ba. Ya shiga ya zauna, ya ɗaga ƙafar hagu da hannu biyu ya ajiye ta gefe guda, ya ce, "Ƙafa ɗaya take nema, ƙafa ɗaya gare ni. Mun daidaita."

Washegari yana kasuwa. Shekara uku ya yi da motar nan ko kaza bai taka ba.

Yadda yake fita da ita kullum iri ɗaya ne. Tsakar gidan ba ta da faɗin da za a juya mota, don haka da kai ake shiga, da baya ake fita. Baffa zai sa ribas, ya taho a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har tayoyin baya su taɓa dokin ƙofa. Nan zai tsaya cak. Daga nan ne madubi yake nuna masa layin gaba ɗaya, sai ya duba dama da hagu ko akwai mai wucewa ko akuya, sannan ya ɗan taɓa totur, motar ta haye yatsu ukun nan ba gardama. Ni da nake da gajen haƙuri tsayuwar nan haushi take ba ni, don kusan kullum ina bakin get ina jiran ya rage mini hanya.

A gidan nake zaune tun da na fita takaba. Ina buga tafireta a wata ma'aikata a sakatariya, kuma ranar da Baffa ya yi sammakon ruga, acaɓa nake hawa. Da aka ƙaddamar da shari'a, zancen mata da hawan acaɓa ya cika gari. A wa'azi shi ne, a ofis shi ne, a gidan suna shi ne. Maza masu motoci su suka fi kowa zafi a kai, tun da ba su ne za su taka a rana ba. Wani ɗan acaɓa da ya shekara yana ɗaukata ya kau da kai ya ce in yi haƙuri, wani kuma ya ɗauke ni amma na isa ofis da idon mutane a bayana. Na sha tafiya a ƙasa har sakatariya, in isa da gumi, takalmi ya yi buɗu-buɗu, shugabanmu ya dubi agogo ya dube ni. Marigayi mijina ya koya mini tuƙi. Sau da yawa ina wucewa ta gefen motar Baffa in shafa ta, ba ni da bakin cewa komai.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Wata ranar Juma'a ruwa ya tsallake dokin ƙofa, ya shiga ɗakina, ya jiƙa katifa da akwatin da na adana rigunan mijina. Raina ya ɓaci matuƙa. Baffa ya tafi ta'aziyya Kafin Hausa da motar, zai kwana uku, ni kuwa ban iya jira ba. Na kira magini na ce ya ƙara tsayi. Ya tambaye ni nawa, na jera masa yatsu huɗu. Ya zuba siminti, ya goge shi tsaf, ya fitar da gefensa a miƙe kamar bakin akwati, har na yaba masa aiki.

Baffa ya dawo da la'asar. Motar ta yi tsalle kaɗan wajen shiga, cikinta ya ɗan gogu, ya fito yana dariya.

"Uwata, katanga kika yi mana?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce masa ruwa ne ya ishe ni. Ya ce ba laifi.

A tsallaken layi, daidai get ɗinmu, akwai darbejiya. A gindinta Baffa ya ɗaure wata karsana fara mai baƙin kunne, wadda ya kawo daga ruga don yana yi mata maganin miki a wuya. Daga tsatson shanun kakansa take. In yana ba ta dusa da Fulatanci yake mata hira, irin hirar da mu 'ya'yansa bai cika yi da mu ba.

Da safe ranar kasuwa ce. Ina tsaye riƙe da murfin get, jakata a kafaɗa, ban fi taku biyu da tayar baya ba. Ya taho a hankali yadda ya saba, taya ta taɓa siminti, ya tsaya, ya duba layi. Ya ɗaga ƙafa daga birki, motar ba ta motsa ba. Ya taɓa totur, ta yi gurnani, tana nan inda take. Na ga tayar ta lotsa a jikin gefen simintin. Ya ƙara takawa, injin ya ɗaga murya, bayan motar ya ɗan ɗago kamar raƙumi zai tashi. Sai kawai ta fizge. Ban taɓa ganin mota ta yi baya da irin wannan gudun ba. Faɗin layin namu taku biyar ne. Kafin Baffa ya mayar da ƙafa kan birki ta riga ta matse karsanar da jikin darbejiya.

Ya fito yana jan ƙafa, ya durƙusa, ya bi bayanta da hannu tun daga tozo har gindin wutsiya. Aikinsa ne, ba sai an gaya masa ba. Ya ɗago ya ce a miƙo masa wuƙa. Shi ya yanka ta da hannunsa kafin rai ya fita. Aka raba naman gida-gida a layin, kowa ya karɓa yana jajantawa, kowa kuma ya ci. Baffa bai taɓa ba, ranar ko kasuwa bai je ba.

Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci: tsoho ya taka totur a maimakon birki. Har waɗanda ko keke ba su iya ba sun san haka aka yi. Washegari Yaya ya iso daga Kano, muka zauna a zaure mu uku.

"Baffa, saniya ce, Allah Ya kiyaye gaba," in ji Yaya. "Amma da mutum ne a gindin bishiyar fa?"

"Ba ƙafata ba ce," Baffa ya ce. "Ƙafata tana inda na sa ta. Motar ce ta ƙi, ta ƙi, sannan ta yarda gaba ɗaya."

"Baffa, mota ai ba ta da ra'ayi. Abin da aka taka shi take yi."

Baffa bai maimaita ba. A gidansu an hore su da cewa mutum ba ya kare kansa sau biyu, musamman a gaban 'ya'yansa. Yaya ya juyo gare ni.

"Ke kina wurin. Me kika gani?"

Na ce, "Abin ya zo da sauri, Yaya."

A ranar ba zan ce ƙarya na yi ba, don ni ma ban gane abin da na gani ba. Amma na ga tayar nan a lotse jikin simintin da ni na sa aka ƙara, kuma ban ambata ba. Baffa ya sa hannu a aljihu, ya ajiye makulli a kan tabarma. Yaya ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya miƙo mini.

"In an gyara ta ki riƙa zuwa aiki da ita, ki huta da maganar acaɓa. In Baffa yana son zuwa wani wuri ki kai shi."

Na sunkuyar da kai kamar an ɗora mini nauyi. Gaskiyar magana daɗi ne ya cika mini ciki, har na ji tsoron kada ya fito a fuskata.

Motar ta yi mako guda wajen masu gyaran jiki, ta dawo. Kwanakin farko lafiya lau na riƙa fita, domin ni ba na tsayawa duba layi. Da ɗan guduna nake tahowa, taya ta daki simintin ta haye, in wuce abina. Har na fara cewa a raina lallai Yaya ya yi gaskiya. Sai wata Laraba, ina tahowa da baya, wata mai tallar fura ta gifta, dole na tsaya, kuma na tsaya daidai inda Baffa yake tsayawa. Ta wuce, na saki birki, shiru. Na taɓa totur, gurnani. Na ƙara, na ƙara, ina tsaki. Sai na ji kujera ta buge ni a baya, get ya wuce ni kamar walƙiya. Ni da nake da ƙafa biyu lafiyayyu, da shekara talatin da 'yan kai, da ƙyar na tsayar da ita. Na fito na zagaya bayanta. Tsakanin bamba da darbejiya bai kai tafin hannu ba, guntun igiyar karsanar yana nan ɗaure a jikin bishiyar. Na duba layi ban ga kowa ba, na yi hamdala, kuma ba don na tsira kawai na yi ta ba.

Ban je ofis ba, garejin da Baffa yake kai ta na wuce. Bakaniken dattijo ne mai furfura, shi kaɗai ne a lokacin ya yarda ya buɗe cikin irin wannan giya. Na ba shi labari, bai ko ɗaga bonet ba.

"Hajiya, ai halinta ke nan," ya ce. "Mai kuloci, ƙarfe ne yake kama ƙarfe, kina ji a ƙafarki, kina ba ta kaɗan-kaɗan, in ta haye ki danne kuloci ki yanke mata ƙarfi nan take. Wannan kuwa tsakanin inji da taya mai ne kawai yake juyawa. In taya ta jingina da abu a tsaye, man zai yi ta kaɗawa yana zafi, ke kina ta ƙara totur kina cewa ba ta ji. Tana ji, tarawa take yi. Da ta haye, duk abin da kika tara a lokaci ɗaya za ta ba ki. Ga shi ribas ɗinta ya tsufa, sai ya yi jinkiri sannan ya cafke. In aka ci gaba da matsa mata haka ma giyar ce za ta ƙone."

"To da Baffa ne ko wani, duk ɗaya ne?"

"Ko direban gwamna ne. Mai gaggawa ma ya fi tsira, don da gudu yake hayewa. Mai tsayawa ya duba hanya shi take kamawa."

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

"Wa ya tambaye ni, Hajiya? Cewa aka yi ƙafarsa ce."

Ya ce maganin ba wuya. A zuba gangare daga ciki, mai tsawo, yadda taya za ta hau a hankali ba tare da ta ci karo da gefe ba. Rabin buhun siminti ya isa.

A hanyar komawa na shirya duk abin da zan gaya wa Yaya, har da inda zan ce laifina ne. Akwai shagon buga waya kusa da sakatariya, na rage gudu a gabansa. Daidai nan na hango wasu mata biyu 'yan ofishinmu suna tafe a gefen titi cikin rana, ɗaya ta ɗora fayil a ka, 'yan acaɓa suna wuce su ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya na ɗauke su. Suka shiga suna sa mini albarka, suna cewa na huta. Ban buga wayar ba ranar, na ce sai gobe. Da gobe ta zo na samo wa kaina dalilai masu kyau: ai Baffa ya tsufa ko ba wannan, ai idonsa ma ya fara rauni, ai hutu ne a gare shi. Duk wanda yake son riƙe abin da ba nasa ba, dalilai ba sa yi masa wuyar samu, ni shaida ce.

Ranar Asabar na kira magini. Yana cikin kwaɓa siminti Baffa ya fito daga zaure da sandarsa, ya tsaya yana kallo.

"Uwata, wannan kuma na mene ne?"

"Saboda ruwa ne, Baffa."

"Ruwa ai daga waje yake zuwa."

Magini ya ci gaba da aikinsa kamar ba ya ji.

"Ki ce ya ja shi da tsawo," Baffa ya ce, "kada ta sake yin tsalle da ke. Na ji ƙarar birkinki ran Laraba."

Ya juya ya koma ciki. Tagar zauren layi take kallo, na manta da wannan.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, bai sake riƙe sitiyari ba. Sau uku na kai shi kasuwar Shuwarin. Ina zaune a mota ina duba agogo, abokansa na kara suna tsokanarsa wai yanzu kawo shi ake yi kamar mai jego. Ya yi dariya tare da su, amma bayan na uku ya ce in bar wahalar da kaina. Makiyaya suka riƙa biyo shi gida da farko, wani har da ɗan maraƙi a kan babur, daga baya suka samu wani malamin dabbobi mai ƙafa. Ƙwaryar kindirmo ta daina zuwa. Yaya kuwa duk sallah sai ya yaba wa kansa a gaban baƙi, yadda ya yi ta maza ya karɓe makulli kafin a yi asarar rai, Baffa yana zaune yana jan carbi, ni ina zuba musu lemo. Har aka binne Baffa Yaya bai san komai ba. Na gaya masa bayan sadakar bakwai, ya ce in bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Da sauƙi ya yafe mini, tun da ba shi aka yi wa ba.

Safiyar da ta ƙi barina ita ce ta farkon zuwanmu kasuwa bayan gangaren ya bushe. Baffa ya yi wanka, ya sa farar riga, ya rataya tsohuwar jakar allurarsa. Ya zagaya ta ɓangaren direba bisa sabo, sai ya tuna, ya dawo ɗaya gefen. Ya zauna, ya ɗago ƙafar hagu da hannu biyu ya shigar da ita. Na sa ribas.

"Tsaya a bakin get ki duba layi," ya ce.

Na tsaya daidai wurin. Na duba dama da hagu, na ɗaga ƙafa daga birki, na ɗan taɓa totur. Motar ta hau gangaren sumul, ta sauka a layi ba ko girgiza. Baffa ya waiwaya ya dubi simintin, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dubi makullin da yake lilo a jikin sitiyari.

"Yanzu kam ko mai ƙafa ɗaya zai fitar da ita," ya ce a hankali.

Tun da nake da shi bai taɓa roƙona komai ba, kuma na san iyakar roƙon da zai iya ke nan. Hannuna yana kan giya. Abin da ya rage kawai in buɗe ƙofa in zagaya, shi ya matso.

Na ce, "Baffa, rufe gilashinka, za mu makara."

Ya rufe.